Jarkar Malam Iro

Shekara goma sha huɗu ina gaya wa duk mai kunnen ji a Tudun Wada cewa Malam Iro ne ya kashe min injin yankan itace. Yau da asuba aka buga min waya, wai Malam Iro ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban yi boko ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Amma maganar nan dole ta fita.

Rana ɗaya muka sayi injinanmu ni da shi. Duk matsakaita ne, ba manyan nan na daji ba, ba kuma 'yan ƙananan na gyaran lambu ba. Nawa ja, nasa ruwan ɗorawa. Nawa ya fi sauri, cin itace yake kamar da yunwa, sai dai shan mai da gardamar tashi da safe. Nasa nauyi gare shi, ba ya gaggawa, amma ja ɗaya ya tashi.

Yakan ce, “Sule, naka doki ne, nawa jaki. Bari mu ga wanda zai kai yamma.”

Wata damina iska ta kayar da ƙaton maɗaci a unguwar Kongo, ya tare hanya. Aka kira mu tare. Na kama gindi, ya kama rassa, mutane sun taru suna kallo. Kafin azahar na ba shi rata mai nisa, sai maina ya ƙare. Shi ya tafi alwala. Na ɗauki jarkarsa na cika tankina, ban tambaya ba. Ai mu abokai ne.

Ko minti goma ban yi ba injin ya buga.

A gaban jama'a na ce ya zuba wani abu a man don ya kunyata ni. Ya ce, “Sule, tsaya ka ji.” Ban tsaya ba. Shi kaɗai ya ƙarasa maɗacin, tun daga ranar kowa ke cewa ruwan ɗorawa ya fi ja ƙarko.

Ko bayan na gyara injin, aiki ya ja baya. Sai na riƙa ganin mutane daga Tudun Jukun, unguwarsu, suna cewa an turo su wurina. Ban taɓa tambayar wa ya turo su ba. Na sani.

Da sarƙar injina ta tsinke, sabuwa na tarar a rataye a ƙofar rumfata. Na ɗaura ta, ban yi godiya ba.

Makon jiya muka haɗu wurin mai wasa sarƙa a Kwangila. Ya rame. Ya matsa min a benci ya ce, “Zauna, tsoho mai taurin kai, in gaya maka abin da ya kashe dokinka.”

Na ce, “Na san wanda ya kashe shi.” Na ɗauki sarƙata na tafi.

Maganata ta ƙarshe da shi ke nan.

Ɗazu a maƙabarta ƙanensa Malam Hadi ya ja ni gefe. Ya ce, “Malam Sule, Yaya ba ya haɗa mai a jarka.”

Kun san injin nan sai an haɗa masa fetur da baƙin mai, in ba haka ba ya ƙone. Ni a jarka nake haɗawa, da gwangwanin tumatir nake awo. Ashe shi a tanki yake haɗawa, ya girgiza. Jarkarsa zallar fetur ce. Da hannuna na kashe injina, na ɗora wa bawan Allah.

Har yanzu ina nan a kan bakana, ja ya fi sauri. Amma sau biyu mutumin nan ya ce in tsaya in ji.

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa itatuwan da ya kawar daga hanyar mutane su zame masa inuwa ranar gobe. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Saura tambayata. Na tambayi Malam Hadi ko marigayi ya yafe min, ya sunkuyar da kai ya wuce. To iyalinsa, da ku da kuka yi jinyarsa, ya ambaci sunana? Ya ce ya yafe, ko bai ce ba? Kada wanda ya rubuto min “sai haƙuri”. Ina zaune a rumfata har magariba. Wannan karon zan tsaya in ji. Wani ya zo ya ba ni amsa.