Awarwaron Yaya

Kwanakin baya autana ya nuna mini wani abu a waya: safar hannu mai wayoyi, wai kurma zai sa ta ya yi maganar hannu, ita kuma ta faɗi abin da yake nufi da murya. Ya tsaya yana jira in riƙe baki. Na riƙe, don abin ya isa a riƙe masa baki, amma hankalina ya riga ya koma ƙauyenmu da ke gefen Badafi, a ƙasar Kiru, zamanin mulkin soja, lokacin da ko rediyo sai gidan wane da wane.

Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da Yaya. Sanƙarau ne ya tafi da jin Yaya tana ƙarama, ta fara haɗa magana ke nan, maganar ma ta bi jin ta tafi. Babu makarantar kurame kusa da mu. Ita da Inna suka ƙirƙiro maganarsu ta hannu, a bakin murhu da gindin turmi, ni kuma na taso na tarar da ita kamar yadda na tarar da Hausa. Kowa a ƙauyen yana da alamarsa. Liman gemu ne, mai unguwa tumbi, ni kuwa yatsu huɗu suna buɗewa suna rufewa a kan babban yatsa, wato baki. Har yau ban yafe wa Yaya wannan suna ba, ko da yake ban ga wanda ya ce ta yi mini ƙarya ba.

Yaya ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunanta, ba ta yabonta a gaban kowa. “Waccan” take cewa, ko “'yar'uwarki”. Amma a gidan biki sai ka ga suna gulmar mutane daga wannan kusurwa zuwa waccan, fuska a ɗaure kamar masu zaman makoki, yatsu na ta aiki a ƙarƙashin mayafi.

Bayan rasuwar Baba auren Yaya ya mutu, ta dawo gida. Ba a jima ba yanar ido ta fara rufe idon Inna. An yi na gida, an yi na asibiti, Allah bai nufa ba. Sai ga wata matsala da ba wanda ya hango ta. Inna tana iya yi wa Yaya magana, tunda hannunta bai manta ba, Yaya kuma tana gani. Amma amsar fa? Ina nan ranar da Yaya ta yi ta zuba wani dogon labari a gaban Inna, har da kwaikwayon tafiyar wata maƙwabciya, Inna kuwa ta zuba wa katanga ido tana jira. Da Yaya ta gane, sai ta sauke hannuwanta a kan cinya a hankali. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Daga ranar na zama muryar Yaya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan mijina da namu, kullum ina can. “Inna, ta ce kanwa ta ƙare.” “Inna, ta ce ba ki ci tuwon ba, ta gani.” Wani lokacin har da ƙarin gishirina, don baki ba ya zama haka nan. Ana haka aka yi wa maigidana, wanda malamin gona ne, canjin wurin aiki zuwa Doguwa. A lokacin Doguwa nisa ce ta gaske, mota biyu, idan damina ta kankama kuwa sai wanda ya ƙudura. Na yi ƙoƙarin koya wa matar maƙwabcinmu maganar hannun, amma ba ta wuce ruwa da abinci ba. Na ce ba za ni ba.

Inna ta ce, “Ki bi mijinki, 'yar nan. Wanda ya rufe idon bai manta da mu ba.”

Na tafi da ruwan shuka, ban samu dawowa ba sai bayan kaka. Duk tsawon damina abu ɗaya nake gani: mace biyu a tsakar gida ɗaya, ɗaya tana magana ba mai gani, ɗaya tana jira ba mai amsawa. Idan Yaya ba ta da lafiya, yaya za ta faɗa? Idan Inna ta tambaye ta wani abu, wa zai kawo amsa?

Bas ta sauke ni a Kiru, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Tun daga zaure na jiyo ƙarar ƙarfe, kacau-kacau, sai wani ƙwaras-ƙwaras, sai kuma dariyar Inna, irin wadda rabona da ita tun idonta na gani. Na yi sallama na shiga. Inna na kan tabarma a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, Yaya na ƙofar madafa, can nesa da ita. A hannun Yaya na dama awarwaro ne na tagulla jere, a na hagu igiyar wuri ta zagaya sau da yawa.

Na durƙusa na ce, “Inna, mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?”

“Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya hanya? Ya maigidan naki?”

Ban kai ga amsawa ba na ji kacau, ƙwaras, kacau-kacau daga bayana. Inna ta karkata kai kamar mai sauraren kiran salla daga nesa, sannan ta yi murmushi.

“'Yar'uwarki ta ce ba ke kaɗai kika zo ba.”

Ciki ne da ni, ƙarami, ko maigidan ban gama gaya wa ba. Na ja mayafi na rufe fuska. Amma ba kunya ce ta sa tsigar jikina ta tashi ba. Makauniya ce ta gaya mini abin da bebiya ta faɗa, daga nesa, ban sa baki ba.

Su biyun suka ba ni labarin, ɗaya da baki ɗaya da hannu, suna katse juna. Akwai wata Bafulatana daga rugar da ke bayan gari, mai kawo musu nono. Yaya ta lura cewa tun kafin matar ta ɓullo daga zaure Inna take juya fuska ta laluba ƙwarya. Har ta ɗauka idon ne ke dawowa. Rannan ta kama hannun matar ta girgiza, ta ga Inna ta waiwayo. Ta sa matar ta tuɓe awarwaronta ta fita ta sake shigowa, Inna ba ta motsa ba. A ranar zakaran gidanmu ya koma ruga, awarwaro suka kwana a hannun Yaya. Igiyar wurin kuwa a tsohon adudun Inna Yaya ta tono ta, don Inna ta ce tana so ta bambance dama da hagu.

Damina guda suka yi suna abu ɗaya. Inna ta ɗora hannuwanta a kan na Yaya ta gane alamar, sannan ta saki, Yaya ta maimaita, Inna ta saurari yadda take ƙara. Daka yana da ƙararsa, ruwa yana da tasa, sunana kuwa wai ya fi kowanne surutu. Inda alamu biyu suka yi kama a kunne, Inna ta ɗan bugi hannunta, Yaya ta sauya ɗaya. Ba komai ke fita ba, dogon zance har yanzu sai hannu a kan hannu. Abin da na kasa daina mamakinsa shi ne, mai yin ƙarar ba ta san mene ne ƙara ba. Na ga ta cije awarwaro ɗaya da haƙori ta ɗalle shi da yatsa, ta lumshe ido. Ta ce mini da hannu, “Haka Inna take ji?” Na ce haka ne, don ban san me zan ce ba.

Bayan la'asar muna zaune, Yaya ta ɗauko labarin yadda shanu suka shiga gonar dawa. Ni kuma, bisa sabo, na buɗe baki. “Inna, ta ce wai shanun…”

Inna ta ɗaga mini hannu. “Ke, rufe mana baki. Kina danne mata murya.”

Na yi shiru, abin da ba a cika samu ba. Yaya ta ƙarasa labarinta, tagulla da wuri suna ta amsa juna. Sannan Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, hannuwanta cikin gyaɗa.

“Rabona da muryar yarinyar nan tun ba ta kai turmin can tsawo ba. Na roƙi Allah har na haƙura. Ashe sai Ya karɓi idon sannan zai ba ni ita.”

Yaya ta ga leɓen Inna yana motsi, ta tambaye ni me ta ce. Inna ta ji tambayar.

“Kul kika gaya mata,” in ji ta. “Ana faɗa wa ɗan fari irin wannan?”

Hannuna ba awarwaro. Na ɗaga shi na gaya wa Yaya duka, ban rage ba, ban ƙara ba. Ta dube ni, ta dubi Inna, sannan ta haɗe hannuwanta biyu a ƙirji ta danne su da ƙarfi, kada ƙarar rawar da suke yi ta fito. Tsakar gidan ta yi tsit.

Inna ta saurara, ta saurara, sannan ta goge ido da bakin zanenta.

“Kin gaya mata ke nan,” ta ce.