Waken Uwata a Gwangwanin Lakwal

Waken ja ne, ƙanana, mai ɗigon baƙi a ciki. Uwata ta ba ni shi a ƙullin tsumma ranar da anka kawo ni gidan miji, nan ƙauyenmu na gefen Tama, ita ma a hannun tata uwar ta karɓe shi. Ba ya cika ƙwarya kamar farin waken kasuwa. Amma yana nuna da wuri, tun gero bai ƙosa ba, lokacin da rumbu ya yi fayau kuma yara sun fara kallon tukunya. A shekarun da ruwa ya ɗauke mana da wuri, shi ya riƙe gidan nan. Maƙwabta sun daɗe da barin shi, sun koma wanda ake saye a Buza. A ƙauyen duka ni kaɗai na rage da irin.

Ga yadda ake ajiye shi. In kaka ta yi, a zaɓi masu kyau, a shanya su bushe ƙarau, a cuɗa da toka tankaɗaɗɗa, a zuba a tulu. A ƙara toka har wuya, a kifa tsingaro, a liƙe bakin da laka. Daga nan ba mai taɓa tulun sai ruwan shuka ya sauka. In anka buɗe shi da rani, ƙwaro ya sami ƙofa.

Jikata, ɗiyar ɗana, a hannuna take tun rasuwar uwarta. Ubanta yana Abijan wurin bidar kuɗi. Yarinyar ba ta son lakwal, makarantar boko. Kullum safiya sai na ja ta kamar akuyar da za a kai kasuwa, ni da gwiwoyin nan nawa, ta dawo da rana tana rera kalmomin Faransanci da ita kanta ba ta san inda sunka dosa ba. Na gaji da jan ta, na gaji ƙwarai.

Sai anka kawo musu wata madam, malamar aji, daga wajen Madawa. Ita ce ta ce ranar Alhamis da marece a rufe littafi, kowane yaro ya zo da abin da ransa ke son sani. Wani ya kawo mataccen rediyon ubansa. Wata ta ce ita so take ta san inda ruwan kwari yake zuwa in ya wuce garinmu. Tawa ta ce wake. Wai don me yake fitowa daga ƙasa a duƙe, da hularsa a ka.

Daga nan ta daina jira in tashe ta. Kafin in gama alwala ta wanke fuska, ta ɗauki ɗan bidon ruwa, ƴar jarkar roba, ta fita. Na ce alhamdu lillahi. Nakan gan ta da wake a hannu, na ɗauka waken tukunya take ɗiba, wanda nake saye na dahuwa, ban tambaya ba.

Sanyi yana shirin fita na shiga share bayan gado, na ja tulun gefe, na ji shi sakayau. Lakar bakinsa a fashe, an kifa masa faifai kawai. Ina ɗaga faifan ƙwari sunka taso mini a fuska. Na sa hannu na ɗebo. Babu toka, kuma kowace ƙwaya huda ce a jikinta, in ka murza sai gari.

Na zauna nan ƙasa na kira ta.

"Ke, zo. Wa ya taɓa tulun ga?"

"Ni ce, Kaka. Kaɗan-kaɗan na ɗiba. Na ba ƴan ajinmu su ma."

"Tokar fa?"

"Tana ɓoye waken, sai na tankaɗe na zubar."

"Na kasuwa bai ishe ki ba?"

"Na kasuwa kowa na da shi," in ji ta. "Madam ta ce mutum ya kawo wanda yake so. Ni naki nike so."

Ban dake ta ba. Na zauna da garin waken uwata a tafina har ladan ya kira azahar.

Washegari na bi ta lakwal. Ban taɓa sa ƙafa a aji ba sai ran nan. Ajin na zana ne, yara a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, madam a tsaye da goyo a baya, muryarta ta dushe. Ta ba ni kujerarta, na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ce, "Inna, wallahi ban san iri ba ne. Na ce su kawo abin da suke so, ban tambaye su inda za su samo ba. Ki yi haƙuri."

Na ce haƙuri ya zama dole, a nuna mini abin da ya rage.

A bayan ajin sunka jera gwangwanayen tumatir. Yawancinsu babu kome ciki sai ƙasa, domin karatun ke nan: in wake ya fito, a tumɓuke shi a duba saiwa. Wasu ƴan kaɗan da anka shuka a yankakkun biduna ne kawai ke tsaye, sun fara yaɗo. Na gane ganyensu kamar yadda ake gane tafiyar ɗan gida daga nesa.

Madam ta ce daga yau kada wanda ya ƙara tumɓuke ko ɗaya. Jikata ta ɓata fuska. Ta ɗauko wani da sunka cire jiya ta kawo mini har hanci.

"Kaka, dubi. Kin ga ƴan ƙulle-ƙullen ga a jikin saiwa? Mi ne ne su?"

Tun ina budurwa nake ganin su in ana roron wake, ban taɓa tambayar kowa ba. Na ce ban sani ba. Madam ta ce wai abincin ƙasa ake tarawa a ciki, za ta duba ta ƙara musu bayani. Yarinyar ta tsaya tana sauraro baki buɗe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kuma ban san ko in ji daɗi ko in yi kuka ba.

Abin da ya biyo baya wahala ce zalla. Rijiyarmu tana can ƙasan kwari, lakwal tana kan tudu. Anka ba yara hutu, zafi ya shigo, awaki sunka fara cin zanar ajin kanta. Muka sassaro ƙaya muka kewaye bidunan. Safe da marece ni da ita muna hawa da ruwa, tana gaba, ina baya ina tsayawa in dafa gwiwa. Mazan da ke zama gindin itacen bedi sunka samu abin yi.

"Tsohuwa, ashe kin shiga lakwal? Aji nawa kike?"

Na ce, "Ajin masu ɗaukar ruwa. Akwai wuri, ga bido."

Babu wanda ya tashi.

Fure ya fito, zafi ya kakkaɓe shi. Ya sake fitowa, ya sake zuba. Wata safiya na ce mata ni na bari, Allah ya ƙaddara irin nan a hannuna zai ƙare. Ta ɗauki bidonta da nawa ta fita. Na kwanta kaɗan, na kasa, na tashi na bi ta.

Abin da muka samu a ƙarshe bai rufe tafin hannuna ba. Na nemo ƙaramin tulu. Ita ta tankaɗe tokar, ita ta kwaɓa lakar, ita ta liƙe bakin, ina zaune ina kallo. Da ruwa ya sauka ban kai shi gona ba, a gindin katangar gida na shuka inda idona ke kai. Ya fito a duƙe da hularsa.

Madam ba ta ga wannan ba. Da anka koma karatu an ɗauke ta zuwa wani gari, mushen, malamin da ya maye ta, kuma ba ya rufe littafi ranar Alhamis. Jikata ta koma jan ƙafa, ni na koma tashin ta.

Har yau ban sake ɗanɗana waken ba. Duk abin da ya bayar tulu yake komawa, kuma bai kai rabi ba tukuna. Amma kowace damina, a ƙarshen layi wajen ƙofa, nakan bar mata rami guda. Wannan nata ne. In ta ga dama ta tumɓuke.