Ranar da na tsorata mahaifiyata da mataccen tauraro

Shekarun baya, ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, ina karatun kimiyya a Wudil. Aikin kammala karatuna a kan wani irin tauraro ne da ake kira pulsar, wanda ya riga ya mutu, ya ƙanƙance bai wuce girman gari ba, amma yana ta juyawa. Idan ya tsufa jikinsa yakan huce, sai wurare biyu, sama da ƙasa, inda ɓurɓushin da yake watsawa ke dawowa yana dukansa. Nan ne suke zafi har su fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton cikin jiki da shi a asibiti. A lokacin ko mai shayi na samu sai na yi masa wannan bayanin.

Ana nan tari ya kama mahaifiyata a Achika, har ta rame. Likita ya ce a yi hoton ƙirji, ta ce atafau ba na'urar da za ta leƙa cikinta. Na je gida tare da abokina, wani Kirista ɗan Filato da muke ɗaki ɗaya, ina ganin ai yau ranar ilimina ce.

Na gyara zama na ce, "Inna, hasken nan ba baƙo ba ne. Har matattun taurari suna fitar da shi."

Ta zaro ido. "Matattu? Hasken gawa za a haska mini a ƙirji? Wallahi ba ni zuwa."

Na ƙara bayani, na ƙara ɓata lamarin.

Abokina bai ce komai a kan taurari ba. Ya durƙusa ya naɗe ƙafar wandonsa, ya nuna mata inda ya taɓa karyewa. "Mama, an yi mini. Ko zafi babu. In kin yarda ni zan fara shiga."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a miƙo mata mayafi.

Ciwon huhu ne, kuma an tare shi da wuri. Ta warke, ta rayu har ta goya 'ya'yana. Shi kuwa tun daga ranar ta mai da shi ɗa, ba ya barin gidanmu sai da ƙullin gyaɗa.

Yanzu ni nake koyar da darasin nan. Inna ta rasu, abokina yana can Jos da iyalinsa. Duk shekarar da na zo kan tsofaffin taurarin nan a aji, ina fitowa nake kiransa, mu yi ta dariya muna tuna Inna.