Akun Inna Mairo

A gidanmu na Tudun Wada, murhun Inna Mairo ba ya mutuwa da wuri. In an sauke tuwo, aka idar da magariba, sai ta tura ragowar itacen ciki, mu jikokinta mu kewaye ta. Ita ta haifi babanmu. Mace ce mai kaifin baki, ko tatsuniya take yi ba a rasa wanda take nufi da ita.

Shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare, Baba ya ce in na faɗi Turanci a jarrabawar fita, karatuna ya ƙare ke nan, sai dai ɗinki. Ya damƙa ni a hannun ƙaninsa, Baffa Isiyaku, wanda ya gama kwalejin horon malamai ya dawo gida yana zaman jiran aiki. Baffa bai iya wasa ba. Kullum yana bi na da kalmomin adabi: simili, wato kamance, metafo, wato siffantawa, da wata doguwa da nake sarƙewa a kanta, wadda ke nufin a sa dabba ko dutse ya yi halin mutum.

Da ya ga ba na barin gindin murhu, sai ya ɗauko kujerarsa ya biyo ni can. Inna na tsakiyar labari zai ɗaga hannu.

"Dakata, Inna. Ke Rabi, ta ce kura ta yi baƙi kamar gawayi. Mene ne wannan?"

"Simili," in ji ni, kaina a ƙasa.

"Kai, Malam Turanci," in ji Inna, "tatsuniyar tawa ce ko ta uban gidan da bai ɗauke ka aiki ba?"

Haka aka yi ta yi, shi yana yanka mata magana, ita tana yaɓa masa baƙa. Mu yara muka daina dariya, sai kallon wuta.

Wata ranar ba ta jira mun amsa mata gaisuwar buɗe tatsuniya ba, ta shiga kai tsaye. Wai wata kaza ce ta ƙyanƙyashe 'ya'ya, cikinsu har da aku. Ta hana kanta tsaba ta tura shi birni neman sani. Ya dawo ba ko ƙwayar gero a bakinsa, sai maganar mutane. Ya ci daga tonon uwarsa, ya ƙoshi, ya hau katanga yana gyara mata kuka. Ran nan shaho ya kawo farmaki. Aku ya hango shi, ya yi ta ihu da harshen mutane, ba wanda ya gane. Shaho ya sure ɗan tsako ya tafi.

"Sanin da bai cika cokali ba, bai tsare gida ba," in ji ta, "gara kukan kaza." Ta gyara itace, ba ta ko dubi inda Baffa yake ba.

Na saci kallon Baffa. Na zaci tashi zai yi. Sai ya juyo gare ni.

"Rabi, wane ne akun?"

Bai jira amsata ba.

"Ni ne. Ba ta ce kamarsa nake ba, ta mai da ni shi ɗungurungum. Me ake kiran wannan?"

"Metafo," na ce, hawaye na zubo mini.

"To, kada ki manta."

Ya ɗauki kujerarsa ya fita. Bai sake zama a gindin murhun ba, kuma kafin mu zauna jarrabawa ya karɓi keke mai ƙafa uku na wani yana jan haya tsakanin Kwangila da cikin gari. Yakan tsare ni a zaure da safe ya yi mini tambaya biyu ko uku, ya wuce. Shi da Inna, gaisuwa kawai, ita ma a tsaye. Na ci Turancin. Inna ta ce addu'arta ce.

Na daɗe ina ganin akun nan wawa ne, saboda a haka Inna ta so mu gan shi, kuma muryarta ta fi ta kowa daɗi a kunnena. Sai da na fara koyar da 'yan aji uku da kaina, na tsaya gaban yaran da iyayensu suka hana kansu don su turo su, sannan na sake juya labarin. A duk gidan kazar, aku ne kaɗai ya ɗaga kai ya hango shaho, kuma bai yi shiru ba. Inna, Allah ya jiƙanta, ta ba mu labarin daidai, ko wannan ba ta ɓoye ba. Abin da ba ta taɓa tambaya ba shi ne, me ya hana kazar ta ce wa ɗanta: me kake cewa?