Kwalabe Arba'in na Yaya Fachtna

Har yau idan na tuna abin da Cormac, ɗan yayana, ya yi, raina ɓaci yake. Kada ma wani ya ce mini in yi haƙuri.

Yayana Fachtna Cadogan ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar kwasar madara a ƙauyukan Skibbereen. Ba shi da surutu, ba shi da kwalliya. Abu ɗaya ya iya wanda ba wanda ya kama ƙafarsa: baƙar giya. Da kansa yake gasa sha'ir har ya yi baƙi ƙirin, ya dafa ta a tsohon ɗakin shanu na gonar babanmu, mil biyu daga gidansa. Kuma yana da doka. Kwalba a tsaye take zama, a wuri mai sanyi, sati shida. In za ka zuba, ka karkata tambulan, ka zuba a hankali, ka bar kamar faɗin yatsa a gindin kwalbar, don nan lakar yis take kwanciya. In ka girgiza ta, sai ka ba ta kwana biyu ta huce.

Duk Kirsimeti yakan ce wa Cormac, "Zo mu je ka ga yadda ake yi." Shi kuwa ɗan birni, daga Dublin yake zuwa da ruwan inabinsa, ya ce takalminsa bai dace da taɓo ba.

Likita ya gaya wa Yaya ciwon daji ne. Washegari ya tafi gona ya ɗora tukunya. Kwalba arba'in ya cika, yana riƙe bango, ni ina toshe bakin kwalaben.

Ya ce, "Gobnait, wannan za a sha a zaman makokina. Ban yarda a shigo mini da ta gwangwani ba." Ya miƙo mini ɗaya. "Kai wannan gidanki. Na san halinki, za ki tsaya raba wa mutane ki tashi a tutar babu."

Sati bakwai ya ƙara a duniya. Ni dai na ce jira ya yi giyar ta nuna.

Ranar da aka shimfiɗe shi a falo, ina fama da yankan naman alade da burodi, na aiki Cormac ya ɗauko giyar. Laifina ke nan, na yarda. Ya kwantar da kwalaben a bayan mota, ya zubo da gudu a hanyar gona mai ramuka, ya jibge su kusa da murhu. Da ya buɗe ta farko ta yi tsiri har rufi, abin da ya rage kuma ya yi gurɓiɓi. Ya buɗe ta biyu, haka. Bai tambayi kowa ba. Ina ɗaki da fada, limamin cocinmu, muna shirya addu'a, shi yana bayan gida yana tuttule su a kwata ɗaya bayan ɗaya.

Da na fito na tarar da gwangwanaye jere a teburi.

"Ina giyar ubanka?"

"Goggo, ta lalace. Da mutane sun sha da sai asibiti. Kin san Baba a ƙarshe hankalinsa ba ya..."

"Rufe mini baki. Hankalin wa? Mutumin da yake riƙe bango don ya cika kwalba? Kai dai ka zo da jahilcinka cikin kwat."

Tsofaffin abokan Yaya suna zaune da gwangwani a hannu, ba mai kallon wani. Sun san alkawarin da aka yi musu.

Na tafi gidana a ƙafa, na ɗauko tawa, na rungumo ta a tsaye kamar jaririya. Na zauna kusa da akwatin gawar, na karkata tambulan, na zuba a hankali. Ta sauka baƙa wuluk, kumfa ta hau kanta mai kauri, na jira har ta kwanta. Na kurɓa. Ɗacin gasasshen sha'ir ya fara zuwa, sai ɗan zaƙi ya biyo baya, ƙamshin ɓawon burodi ya tsaya mini a maƙogwaro. Wallahi bai taɓa yin wadda ta kai ta ba. Na so in yi kuka, haushi ya hana ni.

Na kira Cormac. "Zo nan. Sha."

"Goggo, ni fa ba na..."

"Na ce sha."

Ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya kalli tambulan ɗin, ya kalli fuskar ubansa. Shekararsa arba'in da biyu, ranar ya fara sanin abin da mutumin nan ya iya.

Da ƙyar muryarsa ta fito. "Akwai saura?"

Na karɓe tambulana. Na ce, "Talatin da tara. Ka fi ni sanin inda suke."