Jakar Malam Sa'idu da na ƙi karɓa

Da safen nan labari ya iso ni. Malam Sa'idu na Barking ya rasu, yau kwana tara da binne shi, ni ina Peckham, duk a nan London, ban sani ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Zamanin kuɗin man fetur gwamnati ta turo shi London karatun injiniya. Sau ɗaya ya kalli wani tsohon wasan kwaikwayo na Jamusawa, shi ke nan ya watsar da karatun. Ya koma kwandastan bas, ya koyi Jamusanci, ya duƙufa juya wasan zuwa Hausa.

Ni lokacin ina koyon aikin nas. Ranar da na sauka garin nan shi ya cire kwat ɗinsa ya ba ni, ya koma gida yana karkarwar sanyi.

Duk Lahadi sai ya tara mu ɗalibai, ya dafa shinkafa da wake, ya raba mana takardun wasan. Ni nake karanta maganganun wata mace ta tatsuniyar Girkawa, wadda jarumin ya sa aka dawo masa da ita daga lahira saboda kyawunta. Ƙarshe ta ɓace, ta bar shi rungume da rigarta.

Na ce, "Malam, wannan ai fatalwa ce."

Ya ce, "A'a ƙanwata. Ita ce duk abin da ya wuce, mutum ya nace sai ya dawo."

Watan jiya muka haɗu a Stratford. Ya zo yana jan wata jaka mai ja da fari, fassarar wasan ce gaba ɗaya a ciki, duka da rubutun hannu. Ya ce, "Na gama. Riƙe min, idona ya tafi."

Wallahi na ce gwiwa ta dame ni, zan zo da mota wani satin.

Ya raka ni bakin tashar jirgin tube, ya ja abarsa ya koma.

Yanzu maƙwabcinsa ke gaya min mai gidan ya sa an kwashe kayan flat ɗin da Malam ke haya tun Asabar. Bai san inda aka kai kayan ba. Babu kwafi ko ɗaya, kuma ni ce sila.

Don Allah mutanen Barking, duk wanda ya san masu kwasar nan ya yi min magana yau, kada a kai gobe.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ku sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa min Allah Ya sa ba a riga an ƙona jakar ba.