Kawu Kun-Isa

Kawuna mai gyaran fanka ne, amma duk dangi Kun-Isa muke ce masa. Ko sabulu ka fita saye, kafin mai kanti ya miƙo maka wayar Kawu ta shigo: "Kun isa lafiya?"

Shagonsa ɗan tsukuku ne, fankoki a rataye, wata ba fiffike, wata ta karye a wuya. Iska ta ko'ina, shi kuwa gumi sharkaf. Da ya ji jiniyar motar asibiti sai ya yar da sukudireba, ƙirjinsa na dukan uku-uku, ya hau kiran dangi. Barci ma ba ya samu sosai. Mu dai dariya muke sha abinmu.

Auta, 'yarsa, ita ta fi jin jiki. Da ta samu aikin koyarwa a wani gari, sai wayarta ta riƙa ruri a tsakiyar darasi. Ranar da shugaban makaranta ya yi mata tatas, ta kira shi tana kuka: "Baba, in ka sake kirana a wurin aiki, na daina ɗauka ke nan!"

Maganar ta dake shi har ƙirji ya riƙe. Ya garzaya asibiti, wai zuciyarsa ta lalace. Aka auna, lafiyarta ƙalau, likita ta ce ya je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

"Likita, hauka kike nufi?"

"A'a, Baba, ciwon fargaba ne, kuma ana maganinsa. Kamar fankar da makunninta ya maƙale ne, ta ƙi tsayawa."

Wannan kam Kawu ya gane. Ya fara zuwa zama da mai ba da shawara, ya koyi jan numfashi a hankali da jinkirta kira in tsoro ya taso. An haɗa masa da ƙwayar magani.

Auta ta zo gida hutu. Da hutun ya ƙare ta kama hanyar komawa, ni kuwa ina shagon. Kawu ya jefa wayarsa a aljihun tebur, yana ta jan numfashi kamar zugazugin maƙera. Tausayinsa ya kama ni. Can sai aljihun tebur ya ɗauki ƙara.

"Baba, lafiya kuwa? Na isa tun ɗazu, ba ka kira ba!"

"Ai na san za ki isa," in ji Kawu.

Ya ajiye wayar, ya share hawaye da tsumman aiki, baƙin mai ya ɓata masa fuska kaca-kaca. Ban gaya masa ba.